Da Hannuna Na Ce A Goge Muryarta

Jama'a, ina gaisuwa. Wata daga cikinku ta rubuto a ƙasan rubutuna na baya cewa tsoho ba ya soyayya, lissafi yake yi. 'Yata, ban ji haushi ba. Gaskiya kika faɗa, kuma lissafin ne ya ci ni. Ku yi haƙuri da rubutun, da yatsa ɗaya nake danna shi, aji huɗu na yi na gudu tashar mota. Wanda bai san ni ba, ga ni a taƙaice: shekarata sittin da uku, a da direban babbar mota ne ni, yau ina da tirela talatin da takwas da harabar da suke kwana. Matata ta rasu shekara uku ke nan.

Direbobi Uwar Ofis suke ce mata. Ni na san hanya, na san ƙarfe, na san yadda ake yi wa mai shinge magana har ya ɗaga sandarsa yana dariya. Sauran duk ita ta sani. Da aka kawo manhajar aika saƙo ta kamfani a waya, na ce wasan yara ne, na ƙi a buɗe mini. Ita kuwa ta karɓa hannu bibbiyu, don yawancin direbobinmu ba sa karatu, sai ta riƙa aika musu da murya. Shekara shida tana yi. "Kai mai jar mota, ka tsaya ka runtsa, kayan nan ba su fi ranka ba." "Dogo, matarka ta kira ni. In ka sauke ka biyo ta ofis, akwai magana." Akwai kuma wani lungu a ciki da take ajiye wa kanta tuni, ba mai ji sai ita. A lungun nan nake. Direba take ce mini in mu biyu ne, ba ta taɓa ce mini Alhaji ba. "A tuna wa Direba maganin hawan jini, ya cusa shi a bayan kujera don kada in gani." "Direba ya tashi da fushi yau, kada a kai masa zancen taya sai ya sha shayi."

Wata biyu da rasuwarta na ɗauko wayarta a durowar madubi, na sa mata caji. Manhajar ta nemi kalmar sirri. Na gwada lambar motata ta farko, wata akwala da muka sayar tun kafin a haifi 'yata Auta. Sai ta buɗe.

Daga ranar wayar ta koma zama a durowar gaban motata, naɗe a hankici. Kullum bakwai da minti goma in faka a ƙarƙashin rumfar gareji, in ɗaga gilashi, in saurari biyu ko uku, sannan in shiga ofis. Maigadi ya ɗauka lazimi nake yi, har yakan kori masu zuwa gaishe ni. Ban gaya wa kowa ba. Ko Auta, 'yata da take riƙe da ofis yanzu, ban gaya mata ba. Na ce wa kaina kada in fama mata ciwo. Gaskiyar magana, rowa nake yi.

To, ga abin da ya jawo.

Manhaja biyar muke aiki da su: ta bin sawun motoci, ta takardun kaya, ta gareji, ta imel, da ta saƙon nan. Kowacce ta kamfani daban ce, kowacce da kalmar sirrinta. Direbobi su rubuta a bayan lasisi, sakatare ya rubuta a jikin kalanda inda duk mai shigowa zai gani. Sai muka sallami wani magatakarda. An rufe masa imel, an manta da sauran. Wata huɗu cur yana kwance a gidansa yana kallon inda motocinmu suke sauke kaya, yana kai wa wani mai motoci labarin abokan cinikinmu. Sai da manya biyu suka bar mu sannan muka gano ramin.

Auta ta ce, "Baba, wannan ya fi ƙarfina. Akwai wadda ta koya mini aiki, bari in kira ta."

Na zaci yarinya zan gani mai farce da kwalliya. Sai ga mace mai shekara arba'in da 'yan kai, doguwar riga ruwan toka, mayafi baƙi marar ado, tabarau rataye da igiya a wuya, jakar kwamfuta wadda zif ɗinta ya mutu an kama da fil. Ta gaishe ni gaisuwar da ba rusunawa a ciki ba kuma raini. Injiniya kowa yake ce mata.

Ta zauna ta ce, "Alhaji, harabar nan taka ƙofa nawa ce da ita?"

"Ɗaya."

"Me ya hana ka yi biyar?"

"In yi biyar ɓarawo ya zaɓi wadda ta yi masa?"

"To a waya ƙofa biyar gare ka, kuma babu maigadi ko a ɗaya."

Na gyara zama.

Ta ce za ta kafa mana rijista guda ta ma'aikata, ba a kwamfutar ofis ba, a ma'ajiyar intanet, wadda suke ce wa gajimare. Kowa sunansa ya shiga sau ɗaya, kalmar sirrinsa ɗaya, da wata lamba da za ta riƙa shigowa wayarsa. Sannan ta bi kamfanonin nan biyar ɗaya bayan ɗaya ta ƙulla musu sharaɗi: duk wanda ya ƙwanƙwasa muku da sunan ma'aikacinmu, ku turo shi wurin rijistarmu. In ta buga masa hatimi ku buɗe masa. In ta ce ba ta san shi ba ku rufe. Ranar da aka sallami mutum, a cire sunansa wuri ɗaya, ƙofa biyar ta rufu a fuskarsa.

Na ce, "Wato takardar wucewa ɗaya, shinge biyar."

Ta sauke tabarau ta dube ni. "Na yi wa masu digiri bayanin nan awa biyu ba su kai nan ba."

Jama'a, yabo ba baƙona ba ne, mai motoci kullum cikin 'yan kirari yake. Amma wannan ya shiga wani wuri da na ɗauka an daɗe da rufewa.

Aikin ya ci mako shida. Ta raba mutane rukuni-rukuni: direbobi, 'yan gareji, 'yan ofis, kowa da ƙofofin da ya halatta ya shiga. Kowace manhaja sai ta kwafi hatimin rijistar ta kai can, ta kwafo adireshin can ta kawo nan, ta gwada da mutum ɗaya kafin ta saki kowa. Dogo ne ɗan gwajinta, ta ce in Dogo ya shiga da babban yatsan nan nasa to kowa zai shiga. Ta naɗa Auta mai riƙe da rijistar. Mako ɗaya, manhaja ɗaya. Ta saƙo ta bari a ƙarshe.

Ni kuma a makonnin nan na gano ashe ina da kaftani da yawa. Na fito da ruwan ƙasa mai aiki a wuya, na fito da shuɗi wanda ban taɓa sawa ba, na sayi turare. Auta ta shinshina iska ta ce, "Baba, baƙi za mu yi yau ma?"

"Mutum ba zai yi wanka ba sai da baƙi?"

"A'a, na ga wankan ne yana faɗowa ranar Litinin da Laraba kawai."

Ranakun zuwan Injiniya ke nan. 'Yar nan bakin uwarta ta ɗauko.

Na fara tura mata saƙo da yamma. "Injiniya kin isa gida lafiya?"

"Lafiya lau. Alhaji, wannan ba ya cikin kwangila."

"Zan sa a ƙara shi."

"Sai ka biya da haƙuri, ina da tsada."

Na karanta wannan ya fi sau goma. Na samu labarinta wurin Auta: aurenta ya mutu tuntuni, ɗanta ɗaya yana jami'a, tana zaune da mahaifiyarta.

Labari ya kai kunnen Yaya, babbar yayata, wadda ta goya ni, shekararta saba'in da wani abu amma har yau in ta yi tari nakan gyara hula. Dama shekara biyu tana mini waƙa ɗaya: namiji ba ya tsufa shi kaɗai, rubewa yake yi. Ta zo gida ta zauna a doguwar kujera tana bin falon da ido. Labulen da marigayiya ta zaɓa, fulas ɗinta mai fure a kan tebur, silifas ɗinta a bayan ƙofa inda ta cire su ranar da muka tafi asibiti.

"Ɗan nan, a wannan gidan za ka kawo 'yar mutane?"

"Me ya samu gidan, Yaya?"

"Gidan yana da mai shi, shi ne abin da ya same shi. Ka kwashe. Kuma ka ji ni da kyau: kada ka kuskura ka riƙa ambaton marigayiya a gabanta. Mace ta iya zama da mai rai, ta san inda za ta kama ta. Wadda take ƙasa ba ta laifi, ba ta tsufa, ba a cin ta gardama. In ta gane har yanzu kana can, wallahi ba za ta zo ba."

Na ɗauki maganar na sa a aljihu. Yaya ta aurar da mata sun fi ashirin, na ce ta fi ni sanin hanyar.

Bayan kwana biyu motar Injiniya ta ƙi tashi, na ce in sauke ta. Muna tsaye a danja ta ce, "Wace irin mace ce Uwar Ofis? Duk direban da na zauna da shi sai ya ambace ta."

Ku duba fa. Ƙofa ce ta buɗe mini har bango. Wayar tana nan a durowa, gwiwarta tana taɓa murfin. Da na miƙa hannu kawai.

Na ce, "Mutuniyar kirki ce, Allah ya ji ƙanta. Amma ni direba ne, ba na tuƙi ina kallon madubin baya."

Har na ji daɗin yadda maganar ta fito. Ita kuwa ta dube ni ta ce, "An ba mu hannu, Alhaji."

Ranar Laraba ta mako na shida ta shigo ofishina da takarda ɗaya, ta tura ƙofa. Ta ce ta gwada sunayen da suke cikin manhajar saƙo da na rijista, an sami akawun, wato sunayen shiga, goma sha ɗaya da ba su da mai su. Na sallamammu, na direbobi biyu da suka rasu, na wani da ya yi mana aikin wata uku. Ta ajiye takardar a gabana. Na tara a jerin: uwarofis.

"Gobe da safe zan rufe tsohuwar ƙofa. Daga nan tsohuwar kalmar sirri ba za ta ƙara aiki ba, duk wayar da take ciki za a fito da ita. Waɗannan goma sha ɗayan kamfanin manhajar zai ajiye su kwana talatin, sannan ya goge su da duk abin da yake ciki. In akwai wanda ake so, yanzu ko cikin kwana talatin ɗin nan, minti goma ne aikina, in kwashe in ba ka a hannu. Akwai?"

"Babu."

"Ka duba da kyau, Alhaji."

Na ɗauki biro. Na ce, "Kayan da ba mai shi ba a ajiye shi a sito. A goge duka." Na sa hannu, har da 'yar lanƙwasar da nake yi a ƙarshe.

Washegari bakwai da minti goma na faka, na ɗaga gilashi, na warware hankici. Sai ga farin shafi da hoton tirelarmu a sama, yana neman suna. Na danna nata. Ya fito da jan rubutu. Turancina bai taka kara ya karya ba, amma jan rubutu a kowane yare jan rubutu ne. Rijista ba ta san ta ba. Matar da ta kafa ofishin, maigadin da na biya aka kafa ya ce bai san ta ba.

Na wuce wurin wani mai gyaran waya a bakin kasuwa, dattijo mai furfura kamata, don ban son yara su yi mini dariya. Ya jujjuya ta, ya jona ta da kwamfuta, ya girgiza kai.

"Alhaji, wayar nan taga ce kawai. Kayan suna ɗakin mutane. Da ta fito da kai ta share ɗan abin da ta ajiye."

"Ka buɗe, ko nawa ne."

"Ko tirela za ka ba ni. Mabuɗin yana hannun wanda ya kafa muku ƙofar. Ka je ka same shi, abu ne mai sauƙi."

Mai sauƙi. Kowa mai sauƙi yake ce masa.

Kwana ashirin na yi ina faka mota a rumfar nan ina zaune shiru. A ɓangare guda kuma maganar aurena da Injiniya tana ta gaba. An kwashe labule, an yi fenti, Yaya ta tsayar da ranar da manyana za su je wurin yayyen Injiniya. Na ƙirga, ranar ta faɗo kwana na talatin da biyu. Sai tsohon halin hanya ya motsa. Na wuce da kaya ta shingen da aka rantse ko allura ba za ta wuce ba, matata ce ba zan wuce da ita ba? Na ɗauki waya na rubuta:

"Injiniya barka da rana. Mun ɗauki sabuwar ma'aikaciya mai amsa waya. A sa ta a rijista a ba ta tsohon akawun ɗin nan na tara kada a ɓata sabo."

Na ga alamar tana rubutu, ta tsaya, ta sake farawa.

"To. Turo ta ofis gobe da wayarta. Sai na ga mutum ido da ido nake sa shi a rijista."

"Ta yi tafiya."

"Yaushe za ta dawo?"

Na kalli tambayar nan har hasken wayar ya mutu. Na kunna na rubuta, "Ba a sani ba."

"Allah ya sa inda take ya fi nan. Saura kwana tara, Alhaji. Ina ofishina kullum har ƙarfe biyar."

Ko jaki aka karanta wa wannan ya san an gano shi. Amma ku ji lissafin tsoho. Na ce in na je yanzu, maƙaryaci ne ni sau biyu, kuma magana ba ta ƙullu ba, tana iya warwarewa. In na bari manya suka je suka dawo, an ɗaure kaya, sai in roƙa a matsayin wanda aka riga aka ba. Kwana talatin kuwa, ai faɗa ce kawai. Shekara arba'in ina hanya, ban taɓa ganin wa'adin da ba shi da ƙofar baya ba. An ce mini an rufe tashar jirgin ruwa na shiga. An ce mini lasisi ya mutu na tashe shi. Kowace ƙofa akwai mutum a bayanta, kowane mutum kuma akwai yadda ake yi masa magana. Kwana biyu ko uku a kan wa'adi, wannan ai gaisuwa ce.

Manya suka je, suka dawo da fara'a. An ba ni.

Rana ta talatin da uku na sa farin kaftani, na karya hula, na nufi ofishinta. Ɗaki ne ɗaya a saman wani kantin magani, tebur biyu, fanka mai ƙara, tukunyar fure a taga. Ta zuba mini shayi da kanta. Ban taɓa ganin ta da jan baki ba sai ranar.

Na ce, "Injiniya, yanzu da muka zama ɗaya, akwai 'yar alfarma."

Ta ajiye butar.

Na fito da wayar daga hankici na ɗora a tebur. Na faɗa mata duka. Lambar akwala, rumfar gareji, maganin hawan jini a bayan kujera. Abin mamaki, faɗar ba ta fi minti biyar ba. Abin da na yi wata biyu ina ɗauke da shi kamar lodin siminti.

Ba ta taɓa wayar ba. Ta ce, "An goge, Alhaji. Shekaranjiya waccan, ƙarfe tara na safe."

Na yi murmushi. Wallahi murmushi na yi. "Na sani, wa'adi ya wuce. Ki kira mini manajansu, ni zan yi masa magana."

"Babu manaja."

"To wanda ya danna."

"Ba wanda ya danna. Agogo ne. An saita shi, ya cika, ya share."

"Ai akwai inda suke zubar da shara. Kowane kamfani yana da bayan gida."

"Na rubuta musu a ranar, ba tare da ka sa ni ba. Ga amsarsu." Ta juyo da kwamfutar. Layi uku ne. Ban iya karantawa ba, ban kuma ce ta karanta mini ba.

Fankar nan tana ta ƙara. Na nemi wanda zan roƙa a ɗakin, a ƙasar, a duniyar, babu. Karo na farko a rayuwata na tsaya a gaban ƙofa da baki cike da magana, ba kunnen da zan zuba wa.

Sai ta ce, "Tun makon farko na sani. Manhajar tana rubuta duk wanda ya shiga, da lokaci, da wuri. Matar da ta rasu shekara uku tana shiga kullum bakwai da minti goma daga harabarka. Ranar da na gani na fita na leƙa ta taga, na hango ka a mota gilashi a rufe, ka kara waya a kunne kana dariya kai kaɗai." Ta cire tabarau. "Ka san ranar ce na fara amsa saƙonka? Na ce namijin da ya riƙe mace haka bayan ba ta nan, wannan ana iya jingina da shi."

Jama'a, abin da na ɓoye don kada ta gudu, ashe shi ya kawo ta.

Na ce, "Kin sani, me ya hana ki kwashe ki ajiye?" Da faɗa na faɗa, don mai laifi ba ya rasa wanda zai ɗora wa.

"Sau biyu na buɗe shafin, yatsana a kan madanni. Ɗakin wata ne, Alhaji, da sirrinta a ciki. Mijinta ya sa hannu ya ce a rushe. Ni wace ce da zan shiga in kwashe kayanta in ɓoye, ni da ake shirin kawowa gidanta? Da farko ma na zaci so kake ka rabu, ka kasa da hannunka, kana son wani ya yi maka. Sai da ka turo mini ma'aikaciyar da ta yi tafiya." Ta ture kwamfutar gefe. "Daga ranar ya kamata in taso in same ka in ce ka daina wasan nan. Ban yi ba. Na ce sai ka hawo matakalar nan da ƙafarka ka faɗa mini gaskiya. Kwana tara ina jin takun kowa a bene. Taurin kaina da naka suka haɗu, ita ta biya."

Ta ɗauki tishu ta goge jan bakin a hankali, ta ninke, ta jefa a kwando.

"Ka ce wa Yaya a dakata da maganar rana."

"Har yaushe?"

"Ban sani ba. Ina so in kalle ka ban ga takardar nan ba. Yanzu ba na iyawa."

Na naɗe wayar a hankici na sauko benen.

Ban gaya wa Yaya ba tukuna. Na tura wa Injiniya saƙo uku, ta karanta, ba ta amsa ba. Kalmomin marigayiya kuwa duk suna kaina, zan iya jero muku ɗari ban yi tuntuɓe ba. Sautin ne yake zillewa. Akwai yadda take jan "Direba", ta ɗaga ƙarshensa kamar tana tambaya alhali umarni take bayarwa. Jiya na gwada a mota, na faɗa da bakina, sai na ji muryar tsoho kawai.

Yau da safe ina zaune a rumfar, gilashi a rufe, sai na ji ƙwanƙwasa. Na ɗauka maigadi ne. Auta ce, ko jakarta ba ta ajiye ba, mayafinta ya zame kafaɗa, ta manna wayarta a jikin gilashin. Rahoton wata ne da kamfanin manhajar yake turo wa mai riƙe da rijista.

Na sauke gilashin rabi.

"Baba, an ce an goge akawun goma sha ɗaya. Na tara an rubuta saƙon murya dubu biyu da ɗari uku da goma sha huɗu." Ta ɗago ta dube ni. "Na Mama ne? Muryar Mama tana nan duk shekarun nan?"

Na buɗe baki.

Ta ce, "Ɗana bai taɓa jin ta ba, Baba. Wa ya sa hannu?"